Ƙaramar bindiga a motar da ba kowa: cika doka daban, tsare ta daga ɓarawo daban

Mai lasisin yawo da ƙaramar bindiga a Amurka yana cin karo da wuraren da ba a shiga da makami: kotu, makaranta, gidan waya, wasu asibitoci da wuraren aiki. Da ya iso ƙofa sai ya koma ya bar ta a mota, kuma ɓarayi sun daɗe da gane haka. Ƙungiyar Everytown, mai fafutukar tsaurara dokokin bindiga, ta bi alƙaluman hukumar FBI na birane 337, ta tarar an kai rahoton satar bindigogi kusan 112,000 a 2022, fiye da rabinsu daga cikin motoci, birnin Memphis ne kan gaba. Ga mai karatu a Najeriya maganar ba ta ma taso ba, domin dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin haramtattun makamai da sai da lasisin shugaban ƙasa. Amma 'yan'uwanmu da ke zaune a Houston ko Atlanta suna cikin wannan hali, ko da makwabcinsu ne mai bindigar.

Ra'ayina shi ne jihohin da suka wajabta akwati mai kulle sun yi daidai, sai dai abin da doka ta nema shi ne mafi ƙaranci. Mutum zai iya cika ta tsaf, a kuma sace masa bindiga cikin minti biyu.

Dokar ma ba ɗaya ba ce. Ta tarayya ta 1986 ta kare mai wucewa daga jiha zuwa jiha ne, muddin ya halatta ya riƙe bindigar a inda ya taso da inda zai je, ba harsashi a cikinta, kuma hannu ba ya kai wa gare ta daga wurin zama. Idan motar ba ta da but na daban, sai a kulle ta a akwati, ban da aljihun gaban mota da akwatin tsakanin kujeru. Ajiya a motar da aka faka kuwa hurumin jihohi ne. Kalifoniya ta yi tata dokar a 2016, bayan an kashe wata mata mai suna Kate Steinle a San Francisco ranar 1 ga Yuli, 2015, da bindigar da aka sace daga motar wani jami'in gwamnatin tarayya. Dokar ta ce a kulle ta a but, ko a akwatin da ido ba ya gani, tarar saɓawa tana kai dala 1,000, kuma 'yan sanda ma ba a ware su ba. Abin da ke kama mutane shi ne ma'anar but: bayan jif ko na motar da ake hango kayanta ta gilashi bai shiga ciki ba. New York, tun Satumban 2022, ta ƙara da cewa a cire harsashi, aljihun gaba kuma ba ma'ajiya ba ne. Connecticut ta yarda da aljihun gaba idan a kulle yake. Kolorado ta fara neman akwati mai ƙwari daga 1 ga Janairu, 2025. Ajiyar da ta halatta a Hartford, babban birnin Connecticut, laifi ce a New York, tafiyar da ba ta kai awa uku ba. Filin ajiye motocin gidan waya ma ƙa'idar tarayya ta hana makami a cikinsa, kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a 2015.

To, akwatin kansa. Galibin masu arha ƙarfensu bai wuce kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5 ba, sukundireba mai ƙarfi tana ɓalle murfin daga kusurwa. A nemi mai kaurin milimita 2.5 zuwa sama, wanda leɓen murfinsa ya shige cikin jiki har babu gurbin cusa ƙarfe, maɗaurin murfin kuma yana ciki. Igiyar ƙarfen da ake haɗawa da su ba ta tsaya wa almakashin yanke rodi. Amfaninta ta hana wanda ya fasa gilashi hannu rabbana ya suri akwatin ya gudu. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, tunda yawancin masu fasa mota cikin gaggawa suke. Sai an ɗaura ta daidai fa: a zagaya ta da ƙarfen gindin kujera da aka ɗaure da noti a jikin mota, a bar sandar matashin kai da hannun ja da kujera, waɗanda ke zarewa ko lanƙwasa. Bayan an ɗaura a ja kujera gaba da baya, a ga igiyar ba ta shiga layin ba, ba ta kuma danne wayoyin ƙarƙashi ba. Masu kan rawaya na jakar iska ne, ba a taɓa su.

Wanda ya fi shi ne akwatin da aka ɗaure da noti a jikin motar, kan notin yana cikin akwatin, da faffaɗan faranti a ƙasa don kada a fizge shi ya yaga ƙarfen. Kafin a huda, a leƙa ƙarƙashi: tankin mai, bututun birki da wayoyi duk ta nan suke bi. Motar lantarki ba a huda ƙasanta ko kaɗan, batirin ne shimfiɗe a wurin. A irin wannan sai a yi amfani da notukan kujera da ke akwai, ko akwatin da aka ƙera don ramin tsakiyar wannan samfurin motar.

Kulle shi ne inda talla ta fi ruɗar mutane. Mai lamba uku haɗi 1,000 kawai gare shi, wanda ya tafi da akwatin gida zai gwada su duka kafin la'asar ta yi magariba. Mai karanta zanen yatsa yana burgewa, amma cikin motar da ke rana zafi yana ƙaruwa da kusan digiri 20 a awa guda, batir ba ya son haka, yatsa mai gumi kuma ba ya karantuwa. Akwai abin da ya fi wannan muni. A Oktoban 2023 an janye akwatunan kamfanin Fortress Safe kimanin 61,000 daga kasuwa, saboda idan rajistar yatsa ba ta kammala ba, akwatin yana buɗe wa kowane yatsa, mai shi bai sani ba. An danganta mutuwar wani yaro ɗan shekara 12 da wannan. Duk mai irinsa ya gwada da yatsan da bai yi wa rajista ba. Ga mota, na fi amincewa da kulle mai maɓallan dannawa da ba ya buƙatar batir. Makullin ko-ta-kwana kuma kada ya kwana a motar.

But yana da nasa rauni: wanda ya fasa gilashi zai danna maɓallin buɗe shi daga kujerar direba, ko ya kwantar da kujerar baya. A kulle su idan motar tana da wannan damar, a kuma sa akwati a cikin but ɗin duk da haka.

Lokacin ajiyar ma yana da muhimmanci. Wanda ya faka a ƙofar filin wasa, ya fito ya buɗe but ya sa wani abu, ya yi wa masu zaman jira shela. A tsaya wani wuri tun kafin a iso, a gama. Idan dokar jihar ta yarda da barin harsashi, a cire bindigar tare da kubenta, kunamar a rufe, domin a wajen zarewa da mayarwa a matsatsin kujera ne ake harbin cinya. Idan dole a cire harsashi, gidan harsashin ake fara zarewa, sannan a ja baya a fitar da wanda ke ciki, a duba da ido, baki yana kallon inda ba kowa. Wanda ya juya wannan jeri ya bar harsashi ɗaya a ciki. Sitikar kamfanin bindiga na Glock ko ta ƙungiyar masu bindiga ta NRA a gilashin baya a kankare ta, haka fankon kube ko kwalin harsashi a kan kujera. Bayan an danna rimot a ja hannun ƙofa a tabbatar.

Masu adawa suna cewa tara hukunta wanda aka yi wa sata ne, kuma tsoronta zai hana mutane kai rahoto. Kashi na biyu na wannan hujja yana da nauyi, shi ya sa tarar da ba ta kai ga ɗauri ba, irin ta Kolorado, ta fi dacewa. Na farko bai gamsar da ni ba. Wanda aka sace wa kwamfuta shi kaɗai ya yi asara, bindigar da aka sace kuwa wani ne zai ɗanɗana ta. Kuma binciken Everytown ya nuna motocin da aka faka a gida ne aka fi sacewa daga cikinsu, inda babu wata alamar hana shiga da makami da ta tilasta wa kowa. Kasala ce kawai. Akwatin mota na awa ɗaya ko biyu ne. Da dare a shiga da bindigar gida, wanda hakan zai kuma tsare ta daga raɓar da ke sa tsatsa.

Idan an riga an sace, 'yan sanda lambar da ke jikin bindigar za su tambaya, da kamfani, samfuri da girman harsashi, su shigar a rumbun bayanan FBI. A rubuta su tun yau, a ajiye a wajen motar. New York awa 24 ta bayar a kai rahoto, Kolorado kwana 5, kuma ƙidayar tana farawa ne daga lokacin da aka gano satar.