Agogon da ya ce Inna ba ta motsa jiki

Ƙanena da ke Faransa ya aiko wa Inna agogon hannu mai ƙirga taku da bugun zuciya, saboda ciwon sukari. Bayan mako biyu ya bugo waya yana ƙorafi: "Inna, don Allah ki riƙa motsa jiki, agogo ya nuna wuni kike a zaune." Matar da tun asuba take tsaye a tsakar gidanmu a Tawa!

Na bi diddigi. Ashe Inna cire shi take yi duk lokacin alwala, wani zubin ta manta shi a kan murfin randa har la'asar. In za ta yi daka ma sai ta cire, wai kar taɓarya ta fasa gilashin. Haka wanki. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa, batirin ya mutu, babu abin da ya rubuta.

A cikin irin waɗannan agogo akwai wata 'yar na'ura mai auna girgizar hannu sau da dama a kowace daƙiƙa. Manhaja sai ta yanyanka bayanan, ta gwada kowane yanki da misalan da aka koya mata. Ɗaya daga cikin fitattun tarin misalan an haɗa shi a Jami'ar Genoa ta Italiya a 2012: mutum 30, masu shekara 19 zuwa 48, kowa da salula Samsung a ƙugu, suna tafiya, hawa bene, sauka, zama, tsayuwa da kwanciya. Ba daka, ba jan guga, ba girgizar kabu-kabu a kan hanyar ƙasa.

Inda bayani ya yanke, masana suna da dabarun cike gurbi: su ja layi tsakanin awon ƙarshe da na gaba, ko su sa matsakaici, ko su hasaso daga wata na'urar da ba ta tsaya ba. Ban raina wannan aiki ba. Idan Bluetooth ne ya katse na daƙiƙa biyu mutum na cikin tafiya, hasashen zai faɗa daidai.

Amma giɓin Inna ba tsautsayi ne ya kawo shi ba. Aikin ne da kansa yake sa a cire agogon, don haka sa'o'in da suka ɓace su ne na gumi, waɗanda suka rage kuma na hutu a kan tabarma. Duk wanda ya cike gurbin sa'o'in gumi da awon sa'o'in hutu ya yi awo da tsagaggen mudu. Kuma likita na iya duba wannan lissafi ya yanke shawara a kai.

Ni dai buƙatata ɗaya ce: manhajar ta nuna giɓi a matsayin giɓi, ta rubuta sa'o'in da agogo bai taɓa fata ba.

Da na yi wa ƙanen nawa bayani, cewa ya yi to ta daina cirewa. Inna ta ce ya zo ya karɓi taɓaryar.