Kofin zaman lafiya: a daina haɗa ƙabila da ƙabila

Da an samu saɓani tsakanin al'ummomi biyu a Kebbi, sai wani ya ce a sa kofi matasa su buga. Shawarar ba ta da laifi. Wajen haɗa ƙungiyoyi ake ɓata ta: yaran ruga gefe guda, yaran manoma gefe guda, ko unguwar Dakarkari ta kara da ta Hausawa. Minti 90 kenan ana koya wa yara ga namu ga nasu. Alƙalin wasa ya busa fenareti a minti na 85, sai magana ta bar ƙwallo ta koma kan gonar da shanu suka ci bara.

Masu shirya irin wannan gasa suna son kafa hujja da Mandela, da ya sa rigar Springboks, ƙungiyar zari-ruga ta ƙasar Afirka ta Kudu da ake gani ta fararen fata ce, a 1995 ya miƙa kofin duniya na zari-ruga. To riga ɗaya ya jawo mutane su so, bai raba su biyu ba. Duk da haka sai a 2018 aka naɗa Siya Kolisi kyaftin baƙar fata na farko. A Kwaddebuwa ma Drogba ya sa an kai wasan ƙasa Buwake, garin 'yan tawaye, a 2007, amma bayan zaɓen 2010 yaƙi ya dawo. Inda kuma kulob ya zama tutar ƙabila, a duba Zagreb, babban birnin Kuroshiya, a 1990: wasan Dinamo ta garin da Red Star ta Sabiya ya rikiɗe tarzoma tsakanin Kuroshiyawa da Sabiyawa, shekara na zagayowa aka shiga yaƙi.

Mu da ke da Argungu ba mu da uzuri. Da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo a 1934 bayan doguwar gaba, ba a jera Kabawa su gwada ƙarfi da Sakkwatawa ba. Bikin kamun kifi aka yi don karrama baƙo. Har yau a kogin Matan Fada kowa da homarsa da gorarsa yake faɗawa ruwa, kifinsa ake aunawa.

Wanda ke son gasarsa ta yi amfani, ya yi wa 'yan wasa rajista ɗai-ɗai, kada ya karɓi ƙungiyar da ta zo a haɗe. A ware masu tsaron gida, a zuba sauran sunaye a ƙwarya kashi-kashi bisa unguwa, a jefa ƙuri'a a bainar jama'a, kada unguwa ɗaya ta wuce mutum 4 cikin 11. A ba su aƙalla mako biyu suna atisaye tare kafin wasan farko. Wannan atisayen shi ne aikin, domin a nan yaro ke koyon sunan wanda zai ba ƙwallo, har ya san gidansu. Alƙalin wasa a ɗauko shi daga wata ƙaramar hukuma, kwamiti ya biya shi kafin ya busa usur, kada kuɗinsa ya bi ta hannun wata ƙungiya.

Sojan haya, wato 'yan wasan da ake ɗaukowa daga waje, da masu caca a bakin fili su ke kunna yawancin rigima, don haka hoton kowane ɗan wasa ya kasance a katinsa, a kuma ja igiya taku biyar daga layi. Kofin da ke ɗauke da sunan ɗan takara kuwa, ya riga ya raba 'yan kallo tun ba a take ba.

A dambe da kokawa, makaɗi ya fi ɗan wasa haɗari. Ya wasa gwaninsa yadda ya ga dama, amma ranar da ya yi wa ƙabilar wanda aka kayar zambo, a karɓe kalangun. Lokaci kuma a bari sai an gama kwashe amfanin gona, sa'ad da shanu ke shiga kara da izinin mai gona.