Daren husufin wata da tsakar da ta katse mini lacca

A daren 27 ga Yulin 2018, lokacin da wata ya yi husufi har ya koma jajawur, muna zaune da maƙwabta a kan tabarma a ƙofar gida bayan an sallame sallar husufi, sai na ga dama ta samu ta baje kolin karatuna. Na bayyana musu cewa inuwar duniya ce take rufe wata, kuma tun a zamanin da can Aristotil, masanin falsafa na Girka, ya kafa hujja da zagayen wannan inuwa cewa duniya ƙwallo ce.

Da na ga an yi tsit, sai na zarce da labarin Nikiyas, sarkin yaƙin birnin Atina na Girka, wanda a shekara ta 413 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya shirya janye rundunarsa daga Sirakus ta tsibirin Sisili, sai wata ya yi husufi, bokaye suka ce a dakata kwana 27. Ya dakata, abokan gaba suka toshe bakin tashar jiragen ruwa, aka murƙushe rundunar, shi ma aka kashe shi. Na ɗaga murya ina cewa tsoron abin da mutum bai fahimta ba shi ne ya hallaka su, kuma mai ilimi ba ya firgita a banza.

Ban rufe baki ba na ji wani abu mai sanyi ya shige ƙafar wandona yana hawa sama da sauri. Na ƙwala ihu cewa maciji ne, na yi tsalle na ture butar shayi, na bar hula da takalmi a wurin, ban tsaya ba sai da ƙafata ta zurma cikin kwata.

Da aka haska tocila, sai ga tsaka, wadda ba ta da dafi ko kaɗan duk da abin da ake faɗa a kanta, ta fito farautar ƙwari a hasken fitila. Ita ma tsoro ya sa ta yar da wutsiyarta tana ta mutsu-mutsu a kan tabarma, dabarar da take yi don ɗauke hankalin mai kai mata hari.

Wani dattijo ya miƙo mini hulata, ya ce cikin natsuwa, "Malam, shi wannan Nikiyas da ka zaga ya iya tsayawa kwana 27. Kai kuwa ko salati ba ka tsaya ka yi ba."