Yakuwa a Faransa: a nemi ganye, a bar wa Tawa zobonta

A Tawa ta ƙasar Nijar ba wanda ke lallashin yakuwa. Damina na sauka, a Yuni ko Yuli, mata su zuba gurguzu, wato irin yakuwa, a gefen gonar hatsi, ƙwaya uku ko huɗu a rami, sai a bar wa Allah. Kafin kaka ta ƙare an cika kwanduna da zobo. 'Yan uwanmu a nan Faransa su shuka irin nan a tukunya, ya yi tsawo, ganye shar, amma fure shiru, sai a ce irin ne ya mutu ko ƙasar ce ba ta karɓe shi ba.

Irin lafiyarsa ƙalau. Yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta zuwa wajen awa 12. A Tawa yini mafi tsawo bai wuce awa 13 da ɗan abu ba, shi ya sa daga Satumba fure ke fitowa ana cikin zafi. A Paris kuwa yinin Yuni awa 16 ne. Kafin ya gajarta an kai ƙarshen Satumba, sanyi ya kawo kai, yakuwa kuma ba ta jure sanyi ko kaɗan.

Don haka ni a ganina mai shuka a nan ya sa ransa a ganye. Ya jiƙa irin kwana guda, ya shuka a Afrilu cikin ɗaki mai ɗumi, zurfin santimita 1 zuwa 2. Cikin mako guda zai tsiro. Kada a fitar waje sai bayan tsakiyar Mayu. A nemi tukunya mai zurfi, mai huda a gindi, a gauraya ƙasar da rairayi, domin saiwar na ruɓewa in ruwa ya kwanta. Yawan ban ruwa na kashe shukar. Ta kai tsawon kamu biyu a tsinke kan, ta yi rassa. Tukunya uku sun ishi gida miyar yakuwa da kwaɗo, ga tsamin nan da busasshen ganye ba ya kai shi.

Wanda ya dage sai ya ga zobo, to daga Agusta ya riƙa rufe shukar da baƙin ƙyalle daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 7 na safe, kullum ba fashi. A tsinka bayan mako uku da faɗuwar fure, a cire ƙwallon ciki, a shanya a inuwa don ja ya tsaya. Sai dai kusan kilo 10 na ɗanye ke ba da kilo 1 busasshe. Wahalar ta fi ribar, gara a sayi na matan Adar, yankin Tawa.

Daddawar batso ma haka. Tana son gurguzu tiya-tiya, a dafa tun safe har ya yi laushi, a rufe kwana biyu ko uku ya ruɓa, a daka a shanya. Wannan ba aikin tukunyar bakin taga ba ne, sai dai mai zuwa daga gida ya riƙo.