Bindigar roba, ƙarfen soda da maganar da Kawu ya faɗa min

Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar na sa wani hoto a sitatus, teburin garejina ne a nan Houston ta Amurka, ga ƙarfen soda irin na masu gyaran rediyo, ga sanfefa, ga tef mai shuɗi, a tsakiya kuma gangar jikin ƙaramar bindigata ce ta roba, na zare mata kai na zare jakar harsashi, ina cikin gyara mata mariƙi. Ko awa biyu ba a yi ba sai ga kiran Kawu daga gida, bayan mun gaisa ya tambayi iyali sai ya ce, ɗana, mu nan bindiga ta hana mu zuwa gona damina biyu, kai kuma kana can kana yi mata kwalliya kamar amarya? Na ce Kawu ku yi haƙuri, ba yadda kuke zato ba ne. Daga nan bakina ya mutu. Muna ajiye waya na goge hoton, amma maganar ba ta gogu ba, kwana huɗu ke nan tana cina a rai, shi ya sa na ce bari na zauna na rubuta abin da ke cikina.

Bari na fara da abin da nake yi a garejin, dan na san da yawa za su ce wai bindigar roba kuma? Eh, yawancin ƙananan bindigogin da ake sayarwa a Amurka yanzu rabinsu na ƙasa roba ne, wata irin roba mai tauri dangin nailan, bututu da kan da ke ja da baya in an yi harbi su ne ƙarfe. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fitar da irinta a 1970, sunanta VP70, amma ba ta yi kasuwa sosai ba. Wanda ya sa duniya ta yarda da abin shi ne Gaston Glock, mutumin Ostiriya, wanda kafin nan sandunan rataye labule da wuƙaƙen soja yake ƙerawa, bai taɓa yin bindiga ba, sai a farkon shekarun 1980 ya fito da Glock 17 sojan ƙasarsa suka karɓa, a 1985 kamfanin ya buɗe reshe a Smyrna ta jihar Jojiya. Lokacin har tsoro ya shiga mutanen nan, ana ta cewa na'urar filin jirgi ba za ta gan ta ba, alhali ƙarfen da ke jikinta ya fi robar nauyi, kuma duk da haka a 1988 sai da majalisa ta yi doka kan bindigar da na'ura ba ta gani. Shi Glock ɗin ya rasu a Disamba 2023 yana da shekara 94.

To ita roba ba kamar ƙarfe ba ce, wuta kaɗan take so ta yi laushi, daga nan ne wannan sha'awar ta samo asali. Suna ce mata sitifilin. Mutum ya ɗauki ƙarfen soda mai zafi ya riƙa ɗiga shi a jikin mariƙin, ɗigo bayan ɗigo, ɗaruruwa, har wurin ya yi kaushi ya daina santsi. Wasu kuma suna goge tudun yatsun da ke gaban mariƙin. Shi wannan tudun kamfanin Glock ya sa shi a zubi na uku a 1998, wanda ya dace da hannunsa ya ji daɗi, wanda bai dace da shi ba ya yi ta gogewa a gida, har a 2017 da zubi na biyar ya fito suka cire shi gaba ɗaya. Ka ga ashe masu gareji ba shirme suke yi ba, abin da hannunsu ya gaya musu shi kamfanin ma ya koma kai.

Ni dalilina gumi ne. Duk wanda ya san Houston a watan Yuli ya san zafinta ba irin na Sakkwato ba ne mai bushewa, zafi ne mai danshi, kana fitowa daga mota riga ta manne maka. Ina zuwa filin koyon harbi sau biyu a wata, takarda muke harbi, kuma tafin hannuna irin mai zufa ne tun ina yaro, harsashi biyar shida sai na ji abin yana motsi a hannuna, sai na tsaya na goge hannu a wando na sake gyara riƙo. Wani dattijo maƙwabcina, tsohon soja ne, shi ya lura, ya ce bindigar da ke zamewa a hannu haɗari ce ga mai ita da wanda ke tsaye gefensa, ya ce na fara gwada tef ɗin nan mai kaushi da ake mannawa, wajen dala ashirin ne. Na yi shekara guda da shi, zafi yana ɗaga masa baki ina sakewa, kafin na yanke shawarar taɓa robar da kanta.

Kuma wallahi ranar da na fara, abin da ya zo min a rai ba Amurka ba ce. Ƙarfen na taɓa robar wani siririn hayaƙi ya tashi, sai na tuna wani tsoho mai zanen ƙwarya a kasuwar garinmu, yana zaune kan buzu ga kaskon garwashi a gabansa ya jera wuƙaƙe uku a ciki, ya zaro ɗaya ya ja layi a bayan ƙwaryar ta yi cuuu, ya mayar ya zaro wata, idonsa ba ya barin wurin ko ana masa magana. Ina yaro nakan tsaya kallonsa har a aiko nemana. Aikin iri ɗaya ne, zafi da haƙuri da tsayayyen hannu, sai dai ita ƙwarya ƙamshin ƙuna take yi, roba kuwa wari ne mai hawa kai, dole ka buɗe ƙofar gareji ka kunna fanka. Sati uku na yi ina gwaji a jikin tsohon akwatin kayan aiki na roba kafin na yarda na kusanci bindigar. Da na zo kanta sai da na kai harsasai wani ɗaki daban na kulle, na zagaye iyakar wurin da tef, sannan na fara daga ƙasa, ɗigo ɗaya kusa da ɗan uwansa, in ka danna da yawa robar ta tashi ta yi baki kamar bakin tulu, in ka yi sauri layin ya karkace kuma ba ya gyaruwa. Gefe ɗaya kawai ya ci min yamma biyu, wuyana ya riƙe, amma da na shafa babban yatsa a kai na ji ya kama kamar harshen kyanwa, na ji daɗin da ban ji ba tun zuwana ƙasar nan, daɗin ka yi abu da hannunka ya yi kyau.

Saboda haka ba zan ce wa Kawu sha'awar ba ta da daɗi ba, ƙarya ne in na faɗa. Abin da nake so ku gane shi ne inda na ja layi, kuma a nan nake rabuwa da da yawa daga masu wannan harkar.

A ganina duk aikin da za a yi wa jikin bindiga, in ba dan ta zauna daram a hannu ba ne, to a bar shi. Yanzu abin ya koma gasar ado. Akwai shagunan da ke zane da na'urar leza, su fitar maka da saƙar zuma ko ɓawon kifi ko tuta, akwai fentin Cerakote da ake gasawa a tanda, sai ka ga bindiga ruwan hoda, ko shuɗiya shar, ko an yi mata kalar kayan wasan yara. A 2021 wani kamfani a jihar Yuta ya lulluɓe Glock da abin da ya yi kama da bulon wasan Lego, ja da rawaya da shuɗi, har sai da kamfanin Lego ya rubuta musu su daina. Ranar da na ga hoton jikina ya yi sanyi, dan ina da yarinya 'yar shekara huɗu, kuma na san duk abu mai kala a gidan nan nata ne, ba ta tambaya, hannu kawai take kaiwa. A ƙasar da tun 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19, a ƙasar da a 2021 kaɗai mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga, fiye da rabi su suka kashe kansu, wane mai hankali ne zai mayar da ita abin sha'awar yaro? Tawa baƙa ce kuma baƙa za ta zauna, ina so duk wanda ya gan ta gabansa ya faɗi kaɗan. Ko a gida ai baduku yana yi wa kube ado da jar fata da kore, amma ba wanda ke yi wa kaifin takobi lalle.

Sai kuma maganar lamba, wadda ita ce ba wasa a cikinta ko kaɗan. A dokar Amurka wannan gangar jikin ta roba ita ce bindigar, ba bututun ba, a Glock akwai ɗan ƙarfe da aka dasa a ƙasanta mai ɗauke da lambarta, ita ake rubutawa a fom 4473, takardar gwamnati da ake cikewa ranar da ka saya kafin FBI su bincika sunanka. Goge lambar nan ko ɓata ta laifi ne na tarayya mai kai mutum gidan yari, shi ya sa ƙarfen soda ba ya zuwa ko kusa da wurin. Kuma kar a haɗa abin da nake yi da na masu sayen gangar jikin da ba a gama ba su ƙarasa a gida ba lamba ba rajista, wannan wata harka ce daban kuma ba na goyon bayanta, hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi ta sa musu ƙa'ida a 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a Maris 2025 da alƙalai 7 cikin 9, ni kam na yi murna da hukuncin. Kunamar bindiga da kayan cikinta ma ban taɓa ba, wannan aikin masu lasin ne, ba na mai koyo a gareji ba.

In kana nan Amurka kana tunanin farawa, ka sani abin ba ya komawa baya. Robar ba ta da kauri kamar yadda ake zato, wani abokin aikina ya danna da ƙarfi ya huda mariƙin har ciki, bindigar dala 500 da wani abu ta tashi aiki a minti ɗaya. Garanti kuma ka manta da shi, in ka tashi sayarwa ma farashi faɗuwa yake dan ba kowa ke son zanen hannun wani ba, in kuma ka cika kaushin zai ci maka fata ya yaga riga. Mai bindigar SIG P320, wadda sojan Amurka suka ɗauka a 2017, shi ya fi samun sauƙi, dan lambarta tana jikin ƙarfen ciki ne, robar waje kuwa ana sayenta daban da arha, in ka ɓata ka sayi wata.

Ga 'yan uwa na gida kuma, dan Allah kar wani ya karanta wannan ya ce shi ma bari ya gwada. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol, wato ƙaramar bindiga irin tawa, cikin makaman da aka haramta, sai da lasin shugaban ƙasa, ba irin bindigar toka ta mafarauta ko ta 'yan bindigar sarki a hawan sallah ba ce. Nan Texas kuwa tun Satumba 2021 mai shekara 21 da ba shi da laifi yana iya yawo da ita ba lasin, ƙasa biyu ne doka biyu, kuma ban ce ta nan ta fi ba, ni kaina ba na yawo da tawa, daga akwatin ƙarfe mai makulli sai filin harbi sai ta dawo.

Abin da ya fi tsaya min a wuya shi ne Kawu yana da gaskiya ta inda ban zata ba. Aikin da na yi wa mariƙin ban ga laifinsa ba har yanzu, hannuna ya daina zamewa, na fi natsuwa a filin, na gefena ma ya fi aminci. Hoton ne laifi. Na ɗauke shi da kyau, na gyara haske, na sa shi a inda mutanen da suka binne 'yan uwansu a Zamfara da Katsina za su gani, mutanen da ƙarar babur da dare ke hana su barci, ni kuma ina jiran a ce min aiki ya yi kyau. Wato ni ma na faɗa cikin abin da nake zargin masu fentin ruwan hoda da shi, na ɗauke ta abin nunawa, na manta da idon da zai kalle ta.

Jiya bayan sallar asuba na kira shi, su can rana ta yi. Na ce Kawu na ji maganarku, kuma na gode da kuka faɗa min kai tsaye ba ku bari a ciki ba. Na yi masa bayanin gumin da zamewar da tsohon mai ƙwarya, ya ce ya tuna shi, ashe ma shi ya zana ƙoren auren Inna. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya tambaye ni ina nake ajiye makullin akwatin, na ce yana wuyana ko barci nake, ya ce to madalla, ka kula da yarinyar nan. Daga nan muka koma maganar taki, ya ce bana gonar bakin gari kaɗai zai iya nomawa, ta cikin daji sai abin da Allah ya yi.