Bakano ya sallami mai gadi

Bazazzagi: Kai Bakano, me ka yi wa kwamfutar nan take huci kamar tukunyar dambu?

Bakano: Manhajar kallon bidiyo na sa mata. Layi ɗaya na kwafo a wani shafi, curl mai jawo fayil a farko, sudo bash mai aiwatar da shi a ƙarshe. Kyauta!

Bazazzagi: Ka karanta abin da layin ya jawo?

Bakano: Ni da kasuwa ke jira?

Bazazzagi: To sudo ɗin nan makullin gida ne gaba ɗaya. Ka miƙa wa baƙon da ko fuskarsa ba ka gani ba, har da na ɗakin amarya. Ba tsarin Ubuntu ne a kan kwamfutar ba? Sai ka buga sudo apt update, sannan sudo apt install vlc, ka samu manhajar kallon bidiyo ta VLC. Daga rumbun Ubuntu zai zo, apt mai girka manhaja kuma sai ya duba sa hannun GPG, wato hatimin masu rumbun, kafin ya karɓa.

Bakano: Ai shi apt ɗin ne mai tsegumi. Jiya na ƙara wani rumbu, ya hau ihu wai NO_PUBKEY. Na rubuta masa trusted=yes, ya yi tsit.

Bazazzagi: Innalillahi! Mai gadi ya ce bai san mutum ba, ka sallami mai gadin! Cewa ya yi ba shi da makullin tantance rumbun. Ka ɗauko shi daga ainihin shafin masu manhajar, ka ajiye a /etc/apt/keyrings, ka ɗaure shi da rumbun nan kaɗai da signed-by.

Bakano: PPA fa, rumbun da mutum ke buɗewa da kansa? Ai a Launchpad take, shafin kamfanin da ke yin Ubuntu.

Bazazzagi: Rumfar haya ce, kowa na iya kamawa. Sai ka san mai ita.

Bakano: To shafin asali ba ya ƙarya ke nan.

Bazazzagi: Wa ya gaya maka? A Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint, ɗan'uwan Ubuntu, aka tura mutane ga ISO, wato fayil ɗin girka shi, na 17.3 mai ƙofar baya. Shi ya sa ake buga sha256sum a gwada lambar da ya fitar da wadda masu shi suka wallafa, a kuma tantance sa hannun fayil ɗin lambobin da gpg --verify, don wanda ya musanya kaya zai iya musanya rasit.

Bakano: Yanzu tawa fa?

Bazazzagi: Kwashe takardunka, goge ta, sa sabuwa, canza kalmomin sirri duka.

Bakano: Nawa ne aikin?

Bazazzagi: Dubu biyar.

Bakano: Tsaya tukuna. Akwai wani shafi da na gani yana gyarawa kyauta, layi ɗaya ne kawai.