Ku Auna Labarin Sararin Samaniya Kafin Ku Tura Shi

'Yan'uwana matasa, kusan kowane wata sai an sami wani saƙo yana yawo a WhatsApp da TikTok: wai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ce duniya za ta yi duhu na kwana uku, wai wani dutse zai faɗo ya shafe mu ranar kaza, wai duniyoyi sun jeru a layi ɗaya don haka girgizar ƙasa na tafe. Da yawanku ba ku karanta shi har ƙarshe, sai ku danna ku tura wa iyaye da ƙanne, ku tayar wa mutane hankali a banza. An yi haka a kan 21 ga Disamba 2012, da aka ce kalandar mutanen Maya na tsakiyar nahiyar Amurka ta ƙare, don haka duniya za ta tashi. Gari ya waye, kowa ya tafi harkarsa, kuma babu wanda ya dawo ya nemi afuwa. Sanin ranar tashin alƙiyama na Allah ne shi kaɗai, duk wanda ya ba ku rana da wata ƙarya yake yi. Amma abin da ke yawo a sararin samaniya ana auna shi, kuma hanyar awon ba asiri ba ce. Wanda ya san ta, da wuya a ruɗe shi.

Ku fara da nisa, domin nan ne yawancin ruɗanin yake. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga wata zuwa nan, kilomita 384,000 ne, haske yana cinye su a daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗori. Daga rana, kilomita miliyan 150, minti takwas da daƙiƙa ashirin. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, Proxima Centauri, haskensa sai ya yi shekara huɗu da wata uku a hanya. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, amma da can ya nufa, sai ya yi fiye da shekara 70,000 kafin ya isa. To idan wani ya ce muku wata ɓoyayyiyar duniya ta taso za ta buge mu a makon gobe, ku tambaye shi: ina take a daren jiya? Abu mai girman duniya da ya matso kusa haka, da ya fi yawancin taurari haske shekaru kafin isowarsa, kuma da duk mai ido ya gan shi. Babu gwamnatin da ke da mayafin rufe sama.

Ta yaya aka san nisan tauraro alhali ba a je ba? Ku miƙa hannu, ku ɗaga babban yatsa, ku rufe ido ɗaya, sannan ku sauya. Yatsan zai yi kamar ya matsa a gaban bango. Idan kun san tazarar da ke tsakanin idanunku da girman matsawar, lissafi zai ba ku nisan yatsan. Masana falaki haka suke yi, sai dai idanunsu biyu su ne wurare biyu da duniya ke kasancewa a zagayenta na rana, wata shida tsakani, wato tazarar kilomita miliyan 300. Matsawar ƙarama ce ƙwarai: ko ta Proxima ba ta kai kashi ɗaya cikin 2,000 na digiri ba. Shi ya sa sai a 1838 Friedrich Bessel ya yi nasarar auna ta a kan wani tauraro. Kumbon Gaia na Turai, da aka harba a 2013, ya auna matsayin taurari fiye da biliyan ɗaya.

Wannan dabara tana ƙarewa idan nisa ya yi yawa, sai a hau mataki na gaba. A 1912 Henrietta Leavitt ta nuna cewa akwai wasu taurari masu ƙara haske su rage a kan ƙa'ida, kuma tsawon lokacin da suke ɗauka yana bayyana ainihin ƙarfin haskensu. Idan ka san ainihin ƙarfin hasken abu, ka kuma auna yadda ya dusashe kafin ya iso gare ka, ka san nisansa. Da wannan Edwin Hubble ya tabbatar cewa Andromeda wani garken taurari ne daban, wato galaksi, a wajen namu. Haskensa sai ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya kafin ya iso mu. Abdurrahman as-Sufi ya riga ya ambace shi tun shekarar 964, ya kira shi ɗan ƙaramin gajimare. Inda wannan awo ke kuskure shi ne ƙura: ƙurar da ke tsakanin taurari tana rage haske, sai abu ya yi kamar ya fi nisa. Kuma kowane mataki a kan na ƙasansa yake tsaye, kuskuren ƙasa yana hawa har sama.

Batun faɗaɗar sararin samaniya nan ne ake yawan gardama ba tare da an fahimci abin da aka ce ba. Georges Lemaître a 1927 da Hubble a 1929 sun nuna cewa galaksi masu nisa suna ƙara nisa da mu, kuma wanda ya fi nisa ya fi sauri. Ana gane haka daga haskensu, wanda ke karkata zuwa ja. Ku ɗauki balan-balan, ku ɗiga masa ɗigo-ɗigo da biro, ku hura. Kowane ɗigo zai ga sauran suna guje masa, kuma babu ɗigon da yake tsakiya. Haka abin yake, don haka kada ku ɗauka wani bam ne ya tashi a wani wuri ya watsa tarkace cikin fili. Filin ne da kansa yake buɗewa. Idan aka mayar da lissafin baya, ana samun kimanin shekara biliyan 13.8, lokacin da komai yake a matse da tsananin zafi. Shaidar da ta fi ƙarfi ta zo a 1965, da Arno Penzias da Robert Wilson suka bayar da rahoton wani sauti da na'urarsu ke kamawa daga kowace kusurwa ta sama. Har kashin tattabaru suka share daga eriyar suna zaton shi ne matsalar. Ashe ragowar hasken farko ne, wanda ya fito kimanin shekara 380,000 bayan farawar, ya huce har ya koma digiri 2.7 sama da sanyin ƙarshe, wanda babu sanyin da ya fi shi.

Akwai masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su ma nasihar ta shafe su. Wasu da sun kalli bidiyo biyu sai su riƙa magana kamar kimiyya ta gama warware komai. Ba ta gama ba. Duk abin da muke iya gani da taɓawa, taurari da duwatsu da jikinmu, kusan kashi 5 cikin ɗari ne na abin da ke akwai. Kimanin kashi 27 wani abu ne da ba ya fitar da haske, sai dai a ga jansa. Aikin Vera Rubin a shekarun 1970 ya nuna taurarin gefen galaksi suna gudu fiye da yadda nauyin da ake gani zai iya riƙe su. Sauran kashi 68 shi ne abin da ke sa faɗaɗar tana ƙara sauri, wanda aka gano a 1998. An sa wa waɗannan biyun suna, amma har yau ba a kama ainihinsu ba. Ko saurin faɗaɗar ma, a kan ma'auni iri ɗaya, hanya ɗaya ta awo tana ba da 67, wata tana ba da 73, kuma masanan suna ta muhawara a kai a bainar jama'a. Tambayar me ya sa aka yi halitta, da mene ne amfanin rayuwar mutum, ba tambayar madubin hangen nesa ba ce, kuma masani na gaskiya ba ya cewa na'urarsa ta amsa ta.

Haka kuma ku bambanta ilimin falaki da duba. Mai cewa tauraron watan haihuwarka ne zai zaɓa maka mata ko sana'a, ba shi da alaƙa da masu auna sama.

Ga masu cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce, ba sai an yi zage-zage ba, gani ya kori ji. Ku sami abokai a garuruwa uku da suke jere daga kudu zuwa arewa, da tazarar ɗaruruwan kilomita. Kowa ya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a shimfiɗaɗɗen wuri marar tudu, ya daidaita tsayuwarta da zare mai nauyi a ƙarshensa. A rana guda, kowa ya riƙa sa alama a ƙarshen inuwar duk bayan minti biyar wajen tsakar rana, ya ɗauki mafi gajarta. Daga tsawon inuwa da na sanda za a fitar da kusurwar rana. Za ku tarar duk kilomita 111 zuwa arewa ko kudu kusurwar tana sauyawa da digiri ɗaya. Ku ninka 111 sau 360, za ku sami kusan kilomita 40,000, kewayen duniya ke nan. Eratosthenes ya yi irin wannan a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, al-Biruni kuma ya auna girman duniya daga kan dutse ta wata hanyar. Abubuwan da ke ɓata gwajin sanannu ne: sanda ta karkace, ko a dogara da ƙarfe goma sha biyu na agogo maimakon zawali na gaskiya, ko garuruwan su kasance gabas da yamma. Idan inuwar wani ta faɗi arewa ta wani kuma kudu, haɗa kusurwoyin ake yi, ba ɗebewa ba. Dalilin cewa gari uku kuwa, da biyu kawai mai gardama zai iya cewa rana ce take kusa. Na ukun ne ke rushe masa lissafi.

Duwatsun sama kuwa gaskiya ne, ba a musu. Wanda ya faɗa yankin Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce ya kai kilomita 10 a faɗi. A 1908 wani ya fashe a saman Tunguska a Saiberiya ya kwantar da dajin da ya kai murabba'in kilomita 2,000. A 15 ga Fabrairu 2013 wani mai kimanin mita 20 ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha, mutum kusan 1,500 suka ji rauni, yawancinsu daga gilashin tagogi, domin sun ruga kallon hasken kafin ƙarfin fashewar ya iso. Darasi a nan a fili yake: in ka ga haske mai tsanani a sama, ka nisanci taga na 'yan mintuna.

Abin da ya kamata ku fahimta shi ne yadda ake lissafin haɗarin. Idan aka gano sabon dutse, 'yan kwanaki kaɗan aka gan shi, don haka hanyarsa ba ta fito sosai ba. Akwai faffaɗan yanki da zai iya bi, duniya tana ciki. Da ƙarin awo yankin yana tsukewa, sai kason duniya a cikinsa ya ƙaru, alƙaluman haɗari su hau. Daga nan yankin ya ƙara tsukewa har duniya ta fita daga ciki, haɗarin ya faɗi ƙasa warwas. Haka ta faru da dutsen da aka sa wa suna 2024 YR4: a Fabrairun 2025 ya kai kashi 3 cikin ɗari, cikin kwanaki ya koma kusan sifili. Masu neman mabiya sun yaɗa hawan, ba su yaɗa saukar ba. Dutsen Apophis, mai kimanin mita 340, zai wuce ranar 13 ga Afrilu 2029 a nisan kusan kilomita 32,000, kusa ƙwarai, amma an auna shi da kyau, ba zai taɓa mu ba. Kuma a 26 ga Satumba 2022 kumbon DART ya daki dutsen Dimorphos da gangan, ya rage lokacin zagayen da yake yi wa wani dutse mafi girma da kusan rabin awa, alamar cewa in an gano dutse da wuri ana iya karkatar da shi.

Jeruwar duniyoyi ba komai ba ce. Dukkansu kusan a faifai ɗaya suke zagaya rana, don haka kullum a kan layi ɗaya ake ganinsu a sama. Duhun kwana uku ma babu abin da zai kawo shi: kusufin rana cikakke ba ya wuce minti bakwai da rabi a wuri ɗaya.

Masu mafarkin ƙaura zuwa duniyar Mars su ma su duba alƙaluma. Iskarta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin tamu ba, kuma kashi 95 nata iskar kabon ce da ba a shaƙa. Matsakaicin sanyinta ya kai digiri 60 ƙasa da sifili. Tafiyar wata shida zuwa tara ce, damar tashi sai bayan wata 26, saƙo kuma yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa. Mafi munin hamada a nan ta fi can daɗin zama nesa ba kusa ba. Rana tana da sauran kimanin shekara biliyan 5 kafin ta kumbura, wannan ba damuwar jikokinku ba ce. Wadda ta shafe ku ita ce iskar kabon a samanmu, da ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 yanzu. Abin mamaki, wannan da aka auna aka tabbatar ba ya samun masu turawa kamar labarin duhun kwana uku.

Ku fita ku duba da idonku. Ku zaɓi daren da babu wata, nesa da fitilu, ku ajiye waya na minti ashirin zuwa talatin har ido ya saba da duhu. Leƙa allo sau ɗaya yana mayar da ku farko. Manhajar Stellarium kyauta ce, za ta nuna muku sunan abin da kuke kallo. Zara da kuke gani da magariba ko da asuba duniya ce, ba tauraro ba. Da ƙaramin madubin hangen nesa na hannu mai lamba 10x50, in kun jingina gwiwar hannu a bango don kada ya yi rawa, za ku ga watanni huɗu masu zagaya duniyar Mushtari, waɗanda Galileo ya gani a 1610, kuma gobe za ku tarar sun sauya wuri. Ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi kusufin rana cikakke da zai ratsa arewacin Afirka, ya wuce minti shida a wajen Luxor ta Masar, wasu ƙasashe da dama kuma su ga wani ɓangare. Kada ku kalli rana da ido tsirara, ko baƙin tabarau, ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi, balle madubin hangen nesa. Bayan ido ba ya jin zafi yayin da yake ƙonewa, sai daga baya a ga tabo a gani. Ku huda ƙaramin rami da allura a kwali, ku juya wa rana baya, ku bar hasken ya ratsa ramin ya faɗa kan farar takarda da ke nisan mita ɗaya, a nan za ku ga surar ranar tana raguwa.